Awon Gadon Baba

Litinin, 24 ga Mayu, 1971, ƙarfe bakwai na safe, Gaya

Littafin nan na rubuta allurar shanu ne, amma shafukan baya babu mai duba su, ni kuwa ina bukatar inda zan sauke abin da ke kaina. Malam Abdulsalam na ɗakin shan magani ya je Ajingi jiya ya sake duba Baba. Maganarsa ba ta canza ba. Kumburin nan na mara ba na sha ba ne, ba na shafawa ba ne, sai aiki, aikin kuma sai babban asibiti a Kano. Ya ce ciwo ne mai haƙuri, mutum kan shekara goma da shi, amma ranar da hanji ya murɗe a ciki ba ya jiran kowa. A kai shi, in ji shi, tun kafin ruwa ya sauka rafi ya raba Ajingi da Gaya.

Mun gwada a watan jiya. Na zaunar da Baba a gaban jif ɗina, ba mu yi mil biyu ba ya fara amai, gumi ya jiƙe masa riga, dole muka juya. Laifin ba nasa ba ne. Motar tsohuwa ce, a gwanjo na same ta bayan ta gama wahalar masu sayen gyaɗa, kuma duk ramin da ta gani sai ta gaishe shi da ƙashin bayanka. Ni na saba. Baba kuwa ba zai iya zama ba, sai kwance.

To, kwance zai tafi. Zan cire kujerar gefena in kafa gado daga gaba har baya, in gyara birki da sifirin, in yi mata rumfa. Na ba kaina kwana goma sha biyu. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu.

Laraba, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Ganyen ƙarfe biyu sun karye a sifirin na baya na hagu. Ashe shi ya sa take tafiya a karkace, ni ina ta zagin hanya. Na canza su, na shafa wa sauran baƙin mai.

Maiwada kafinta ya zo ya zagaya motar sau biyu yana girgiza kai. "Malam Inuwa, akurki dai na sha yi, amma mai ƙafa huɗu yau na fara gani." Da ya gama tsiyarsa ya leƙa ciki ya ce aikin zai yiwu. "Sai dai ka kawo mini awon tsohon. Ba zan yi gado ƙafar dattijo tana lilo a waje ba, a ce aikin Maiwada ne."

Tef ɗina na awo yana wajen mai walda, shi kuma ya tafi Wudil da shi. Na tsaya ina tunani, sai na ga ban san tsawon ubana ba. Ni ne ɗan fari. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Idan yana da magana da ni, ƙanena Tukur yake gaya wa, ko ƙanwarsa Gwaggo Hure, ko bango idan duk ba sa nan.

Juma'a, 28 ga Mayu, da yamma

Na je Ajingi da hantsi. Na samo awon. Taki takwas na hannuna, na ƙara ɗaya saboda matashin kai, tara ke nan. Na gaya wa Maiwada. Ban tsaya shan fura a gida ba.

Gobe birki.

Asabar, 29 ga Mayu, ƙarfe biyu

Na buɗe ƙafafun huɗu. Birkin gaba na dama ya cinye har ƙarfe na cin ƙarfe, a haka nake ta yawo rugage, Allah ne kawai yake tsarewa. Na sa sabo. Na zubar da tsohon man birki, matata Wasila ta zauna tana taka mini feda ina fitar da iska, har ta ce ƙafarta ta yi tsami. Birkin hannu ma na ɗaure, yanzu ko a gangaren rafi ta tsaya ba za ta motsa ba.

Akwai wata ƙara da ta ƙi fita daga kunnena tun jiya. Ba ta mota ba ce.

Litinin, 31 ga Mayu, azahar

Tukur ya zo a kan keke, bai ko jingine shi daidai ba.

"Yaya, Baba tun ranar Juma'a ruwa kawai yake sha da ɗan koko."

Na ce ai ciwon ne.

"Ba ciwon ba ne. Gwaggo ta gan ka. Shi ma ashe idonsa biyu."

To, tunda an faɗa, bari in rubuta. Na shiga ɗakin Baba na tarar da shi miƙe a rigingine, ido rufe. Ba zan iya tashinsa in ce miƙe in auna ka ba, wane ni. Na leƙa tsakar gida, ga dami na kara a jingine. Na zari ɗaya, na shimfiɗa a gefensa daga diddige har ya ɗan wuce kai, na karya. Ina jin ƙas ɗin nan jikina ya yi sanyi, don da kara ake auna mamaci a kai wa masu haƙa kabari. Ni da hannuna na ɗauki na Inna ranar da ta rasu, na san nauyinsa, na san ƙararsa. Na fito da sauri ina ƙirga taki a jikinsa don in yar da shi, sai ga Gwaggo a bakin ƙofa da ƙwaryar fura. Na saki karan a ƙasa na wuce.

Shekara goma sha biyar ina auna shanu da igiya da sanda da duk abin da hannuna ya kai, hannun ne ya yi aikinsa kafin kai ya farka. Na gaya wa Tukur haka. Ya ce shi ya yarda, amma ba shi aka auna ba.

Alhamis, 3 ga Yuni, safe

Ban je ba. Katako ya iso.

Asabar, 5 ga Yuni, kafin magariba

Gado ya kammala, kuma ba yabon kai ba, aiki ya yi kyau. Ba mu ɗora shi a kan ƙarfen mota ba. Mun yayyanka tsohuwar robar cikin taya muka rataye shi ta kusurwa shida, yadda mota za ta yi tsallenta shi yana lilo a hankali. Wasila ta cusa katifa da audugar rimi, ta yi matashi mai laushi. Na ɗinka ɗamara biyu na saƙi masu faɗi, ɗaya a ƙirji ɗaya a gwiwa, ba wanda zai taɓa mara. Duk inda ƙarfe ke da baki na naɗe shi da tsumma. Kan Baba zai kasance daidai hannuna na hagu, inda kujera take a da.

Na cika ƙwarya da ruwa na ɗora a kan katifar, na tuƙa har Kademi na dawo ta hanyar shanu da gangan. Abin da ya zube bai kai cikin ludayi ba. Maiwada ya ce shi idan matarsa ta kore shi nan zai tare.

Na yi dariya, rabona da ita mako guda. Gobe Ajingi.

Lahadi, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Ina tsayawa a ƙofar gida dattawan da ke gindin ɗorawa suka miƙe. Wani ya leƙa bayan motar ya ga doguwar shimfiɗa, salati ya fara yi kafin ya gaishe ni. Maganar ta riga ta gama gari.

Na durƙusa a bakin ɗaki na ce, "Baba, mota ta shirya."

Fuskarsa na wajen bango, kuma bangon ya yi wa magana. "A ce da malamin dabbobi ya sha ruwa ya koma bakin aikinsa."

Gwaggo ta ja ni bayan rumbu. "Kai Inuwa, bokon ne ya cinye maka hankali ko warin fetur? A gidan nan aka haife ka, ba a bariki ba." Na sunkuyar da kai ta yi ta yi har ta gaji. Sannan ta sassauta murya. "Ba cewa yake kana masa mugun fata ba, da haka ne da sauƙi, sai in zage ka a gabansa a wuce wurin. Cewa yake malamin asibiti ya gaya maka abin da ya ɓoye masa, kai kuma ka fara shiri. Ya ce in dai tafiyar ce, a ɗakinsa zai jira ta, ba zai je ya mutu a Kano cikin baƙi ba."

Na ce ta gaya masa awon gado ne. Ta ce ta faɗa, Tukur ma ya faɗa. Ya ce ai dole mu ce haka.

Na dawo da gadon yana lilo a gefena babu kowa a kai. Haushi nake ji, kuma zan rubuta. Haushin kaina, da haushin tsohon nan mai taurin kai da ya gwammace ya yarda da kara a kan ɗansa.

Talata, 8 ga Yuni, hantsi

Na sayo tamfol na rumfa, fari, don fari ba ya riƙe zafi. Ina cikin shimfiɗa shi a kan gadon in ga faɗinsa, Wasila ta fito ta tsaya.

"Malam, ka yi awo da kara, yanzu kuma da fari za ka lulluɓe?"

Na naɗe shi na kai marina aka tsoma a shuni. Ban san me ya sami kaina ba kwanakin nan.

Juma'a, 11 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci

Na roƙi Malam Abdulsalam ya je da kansa. Ya dawo yana share gumi. Ya ce ya rantse wa Baba sau uku cewa abin da ya gaya mini shi ya gaya masa, ba ragi ba ƙari, kuma masu wannan ciwo da yawa an yi musu aiki sun dawo suna noma.

"Me ya ce?"

"Ya ce, yaro, na san ba ƙarya kake ba, tausayi kake ji."

Ya ce Baba ya rame ƙwarai, kuma ramar ba ta taimakon aikin. Ya tambaye ni ko za mu ɗauke shi da ƙarfi, mu huɗu, tunda ga ɗamara a gadon. Na ce ba don haka na ɗinka su ba. Wanda ya riga ya auna ubansa da kara ba zai kuma ɗaure shi yana ihu a gaban gari ba.

Litinin, 14 ga Yuni, la'asar

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Ban je ba.

Alhamis, 17 ga Yuni, da yamma

Tukur ya zo. Baba ya ba shi galmarsa, ya ba liman rigarsa ta salla, ya aika ƙauyuka ana nema masa yafiya. Ni ya aiko mini da butar alwalarsa ta ƙarfe, ba tare da magana ba. Karan kuma ashe ba a yar ba. Ya karɓe shi daga hannun Gwaggo tun ranar, yana nan tsakaninsa da bango, ya ce kada a wahalar da kowa in lokaci ya yi.

Na ce wa Tukur ya sace shi ya sa a murhu. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kai ka je ka ɗauko."

Na lanƙwasa ƙarfe na yi wa butar marataya a jikin rumfar mota, kusa da inda kai zai kasance. Ta zauna daram.

Asabar, 19 ga Yuni, ƙarfe goma na safe

Ruwan fari ya sauka da asuba. Garin nan kowa ya fita da sungumi, ana ta barka. Ni na tafi mashigin rafi na tsaya. Ruwa iya idon sawu.

Na dawo na naɗe wayoyin wuta da roba, na ɗaga bakin salansa, na gwada ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafafun huɗu su ja tare. Tana shiga lafiya. Na sake duba birkin da na duba shekaranjiya. Na sa labule a gefen rana. Wasila ta kawo mini abinci ƙarƙashin mota ta ce, "Malam, motar nan fa ta gama gyaruwa tuntuni." Na san haka. Ita kaɗai ce nake taɓawa ta gyaru.

Litinin, 21 ga Yuni, azahar

Ruwa iya ƙwauri.

Talata, 22 ga Yuni, la'asar

Saƙo daga Tukur ta hannun wani mai jaki. Amai tun jiya. Kumburin ya yi tauri, ba ya komawa ko an danna. Na kai wa Malam Abdulsalam maganar, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

Laraba, 23 ga Yuni, kafin magariba, Ajingi

A gida nake rubuta wannan, a zaure. Da azahar aka zo aka ce Baba na nemana. Ban taɓa jin an faɗi haka ba tun da nake.

Ya sa kowa ya fita sai Gwaggo. Ya koma ƙashi da fata, leɓensa ya bushe, karan yana kwance a gefensa. Bai kalli bango ba.

"Kai, matso."

Na matsa.

"Ɗazu na ji abin ya taso mini, na ce wa Hure ta miƙar da ni ta gwada mini karan nan, in ga ɗakin da aka auna mini." Ya huta. "Ya fi ni da taki guda cur. Na auna mamata a garin nan sun fi a ƙirga. Kara daidai mutum ake karya shi, masu haƙa su ke ƙara nasu. Wannan rarar ta mece ce?"

Na ce, "Ta matashin kai ce, Baba."

Gwaggo ta rufe baki da gefen zane.

"Ba a sa wa gawa matashi," in ji shi. Sai kuma can, "Da ka faɗa."

Yana nan a rubuce a littafin nan tun ranar da na yi awon, da hannuna na rubuta. Kwana ashirin da shida ina neman mai rantsuwa da mai ba da baki, ban taɓa tunanin hujjata tana jikin karan ba. Na so in ce, Baba, wa zan faɗa wa, bango? Ban ce ba. Kuka na yi, ƙato da ni, a gaban ubana.

Ya ce a tafi. Ina fita in tayar da mota ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Tukur ya je rafi ya dawo ya ce ya kai ƙugu, sai dai da safe in ya janye.

Alhamis, 24 ga Yuni, bayan la'asar, Kano

Mun tashi ana sallame sallar asuba. Mu huɗu muka ɗauko shi a tabarma muka ɗora. Gadon ya ɗauke shi daidai, diddige a ciki, kai a kan matashi. Na ɗaura masa ɗamara yana kallon hannuna. Tukur ya zauna a baya riƙe da ƙafafunsa.

Rafi ya janye zuwa gwiwa. Na yi bisimilla na sa ƙaramar giya muka shiga. Ruwa ya taɓo ƙasan ƙofa, tsohuwa ta yi gurnani, ta yi santsi sau ɗaya, ta kama ƙasa ta fita. Injin bai ko yi tari ba. Daga nan na bi kowane rami a hankali, waɗanda na sani da waɗanda ruwa ya haƙa jiya.

Mun wuce Gaya. Muna hawa gadar Wudil Baba ya buɗe ido ya ce, "Har yanzu ba mu fita Ajingi ba ne?" Tukur ya ce ai mun yi fiye da rabi. Ya ce, "Ikon Allah. Ko motsi ban ji ba." Sai ya ɗago hannu ya kama bakin hannun rigata na hagu. Da shi a riƙe na yi ta canza giya har Kano, ban janye ba.

Likita ya taɓa wurin sau ɗaya ya ɗago. Ya tambaya tun yaushe ya daina komawa, na ce kwana uku. Ya dubi ramar ya tambaya me ya hana mu zuwa tun kafin a kai ga haka. Na ce hanya.

Sun shiga da shi da azahar. Ina zaune a mota a gindin bishiya, gurbin da kansa ya yi a matashin bai tashi ba tukuna.

Juma'a, 25 ga Yuni, hantsi

Bayan asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, 26 ga Yuni, ƙarfe takwas na safe, Ajingi

A gadon muka kawo shi. Tukur ya miƙa hannu zai cire matashin, na ce ya bari sai mun isa. Na tuƙa a hankali kamar ranar tafiya, na kauce wa kowane rami, ban san don wa ba. Rafi ya bar mu mun wuce.

Mun iso jiya ana shirin tafiya masallacin Juma'a, kafin a sauko gida ya cika. Babban masu haƙa ya tsaya a bakin zaure ya ce a ba shi awo su je su fara. Wani daga cikin dattawan gindin ɗorawa ya ce ai akwai, tuntuni aka tanada. Bai kalle ni ba, amma kowa ya kalle ni.

Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da karan. Mai haƙa ya miƙa hannu, ta janye.

"Ba wannan ba," ta ce da ƙarfi yadda na waje za su ji. "Wannan na gado ne. Ku karyo wani."

Ta rungume shi a ƙirji ta koma ciki. Aka zaro sabo daga damin nan na tsakar gida, aka yi ta duban wanda za a ba, liman ya ce babban ɗa. Na durƙusa a gefen Baba na shimfiɗa daga diddige har kai. Taki takwas. Ban ƙara komai ba.